Muryar Bayan Taragu

Muryarsa ta fara sani kafin ta san fuskarsa. Ranar da aka ba ta kan jirgin shantin, ɗan ƙaramin injin nan da ke yawo a cikin yadi, wato filin tashar jirgin ƙasa, yana jera taragu, ta hau ta zauna tana duba birki, sai oba-oba, 'yar rediyon da ma'aikata ke magana da juna da ita, ta yi ƙara a gefenta.

"Direba, ɗan shantin ne. Kina ji na?"

"Ina jin ka."

"To, yau ni ne idonki. Turo baya a hankali."

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka direba ce mai gani. A yadi ba haka abin yake ba. In injin yana tura taragu, direba ba ta ganin komai sai bangon taragon da ke manne da ita. Ɗan shantin ne ke can ƙarshe, a ƙasa, yana bin gefen layi yana magana ba ƙaƙƙautawa. Muddin tana jin "taho, taho" za ta ci gaba da tahowa. Da zarar ya yi shiru, ko da tari ne ya sarƙe shi, dole ta ja birki. Shiru a yadi yana nufin tsaya.

Ta yi aiki da 'yan shantin kala-kala lokacin koyo, masu ihu da masu gunaguni da wani mai tauna abu a cikin oba-oba. Wannan kuwa yana faɗin "taho" kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

Sai da aka tashi hutun rana ta gan shi a bakin famfo yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Rigar aikinsa mai ruwan lemo ko cibiya ba ta rufe masa ba, don tsayi. Dogo ake ce masa, kuma ba a zalunce shi ba.

"Ashe kai ne," ta ce. "Na ɗauka gajere ne."

"Me ya sa?"

"Muryarka daga ƙasa take fitowa."

"Ai a ƙasan nake aiki. Ke ce ta sama."

Ta yi dariya, ta kuma ji haushin kanta da ta yi. Tun daga ranar, kullum ta hau injin sai ta tsinci kanta tana sauraron wace murya za ta fara gaishe ta.

Mutanen jirgi ba su iya soyayya irin ta sauran jama'a ba. A wurin aiki duk saƙon da aka ba ka sai ka maimaita shi, don a tabbata abin da aka faɗa shi ka ji. Su ma haka suka ɗauko abin suka kai shi cikin waya.

"Direbata, kin isa gida lafiya? Maimaita in ji."

"Na isa gida lafiya. An maimaita. Kai fa, Idona?"

"Na isa, amma na baro hankalina a kan injinki. In kin gan shi gobe ki ajiye mini."

"Na gan shi tun ɗazu. Ba zan bayar ba."

Abu ɗaya ne ba ta taɓa sabawa da shi ba. In an jera taragu, sai ɗan shantin ya sunkuya ya shiga tsakaninsu ya rataya ƙugiya, ya haɗa tiyon birki. A nan ƙirjinsa yana daidai da faifan ƙarfen da taragu ke karo da juna da su. Kafin ya shiga zai ce, "Direba, zan shiga tsakani, tsaya cak." Ita kuma ta ja birki, ta zare hannun tuƙi daga mazauninsa, ta amsa, "Na tsaya cak, ba zan motsa ba sai ka sake ni." Dokar a fili take: kowa na iya tsayar da jirgi, amma wanda ya tsayar, shi kaɗai ke da ikon saki. Ta faɗi kalmomin nan ga mutane da yawa ba ta ji komai ba. In Dogo ne a ciki kuwa, tafin hannunta gumi yake yi har sai ta ji ya ce ya fito.

Babanta ya san wannan gumin fiye da kowa. Tsohon ɗan shantin ne, yatsu biyu kawai suka rage a hannunsa na hagu. Yana tsakanin taragu wata rana wani ya ce wa direba ai ya fito, direban ya yarda ya motsa. Bayan ya warke aka mai da shi mai koyarwa, rabin mutanen yadin nan daga bakinsa suka haddace dokar. Har ya yi ritaya bai yarda a yi raha da ita a gabansa ba.

Akwai kuma Na Sama, mai kula da zirga-zirgar yadi, wanda ke zaune a ɗakin gilashi a saman bene yana ba da layi. Mutum ne mai tsafta da ladabi, ba wanda zai kushe shi. Ya daɗe yana zuwa gaishe da Baba, kuma ba don Baban kawai yake zuwa ba. Baba yana son sa saboda dalili ɗaya da ba ya ɓoyewa: a zaune yake aiki.

Ranar da Dogo ya zo gaisuwa, Baba ya ce a shimfiɗa musu a ƙofar gida. Ita tana kicin da Umma, ta tagar da ke kallon waje take leƙe, ba ta jin abin da ake faɗa. Ta ga Baba yana magana a hankali. Ta ga ya ɗaga hannuwansa biyu sama, alamar tsayawa da duk ɗan jirgi ya sani. Ta ga Dogo ya sunkuyar da kai ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana, sannan ya miƙe ya sa takalminsa ya tafi. Shayin da ta haɗa masa yana kan tire bai ko fita daga kicin ba.

"Baba, me ka ce masa?"

"Na tsayar da shi. Kada ya ƙara zuwa, kada ya kira ki, kada ya rubuto. Maganar aiki kawai."

"Me ya yi?"

"Bai yi komai ba, yaron kirki ne." Baba ya ɗora hannunsa na hagu a kan gwiwa, inda za ta gani. "Ba zan ba ɗan shantin 'yata ba. Balle ke ce a kan injin. Kin san abin da ya sami direban da ya yi mini wannan? Ni na warke. Shi har ya mutu bai ƙara yin barci mai daɗi ba. To, ki ɗauka mijinki ne a ciki."

Ita ma ta sha yin wannan tunanin.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Direbata, Baba ya tsayar da ni. Na amsa masa."

Ta karanta, zuciyarta ta yi baƙi. Ta rubuta, "Ka amsa? Shi ke nan?" Ba amsa. Washegari ta sake rubutawa, "Idona, ka yi mini magana ko kalma ɗaya ce." Wayar ta nuna an karanta, daga nan ba ta ƙara nuna komai ba.

Ita direba ce, abin da aka koya mata game da shiru ɗaya ne. Sai ta tsaya. Ta daina rubutawa, ta daina zuwa bakin famfo, in ta hango rigar da ba ta kai cibiya ba sai ta sauya hanya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kullum da safe muryar nan tana nan a oba-oba, a natse, tana ce mata "taho, taho", kamar ba abin da ya faru. Ta kan ji kamar ta ɗauki oba-obar ta wurgar ta taga.

Na Sama ya ƙara yawan zuwa. Tana gaishe shi da mutunci ta koma ɗaki. Baba kuwa ya sami abin faɗa.

"Kin gani ko? Kalma ɗaya na faɗa wa dogon nan, ko waiwaye bai yi ba. Mai son ki da gaske ai da ya dawo, ya turo mutane, ya dame ni. Na ba ki zuwa ƙarshen wata ki ba Na Sama amsa."

Umma dai sai kallon 'yarta take yi, wadda siket ɗinta ya fara yi mata yawa.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare aka yi ruwa tun safe. Ya ɗauke da la'asar, ya bar duwatsun layi suna santsi, ruwa kwance ko'ina. Jirgin kaya ya makara, babban injin yana bakin yadi yana jiran taragunsa, daga hedkwata kuma ana ta kiran Na Sama ana yi masa faɗa. Duk wanda ke kan oba-oba ya ji yadda muryarsa ta sauya.

Ta turo taragun siminti har suka taɓa na ƙarshe.

"Direba, zan shiga tsakani, tsaya cak," in ji Dogo.

Ta ja birki, ta zare hannun tuƙi. "Na tsaya cak, ba zan motsa ba sai ka sake ni."

Ta san tsawon lokacin da yake ɗauka. Rataya ƙugiya, ɗaure ta, haɗa tiyo, fitowa. Lokacin ya yi, ya wuce. Oba-oba ba ta ce komai ba.

Sai muryar Na Sama ta shigo. "Direba, ja gaba zuwa layin fita. Na ba ki layi."

"Ɗan shantin bai sake ni ba."

"Ya fito. Ga shi can ina ganin sa yana tafiya gefen taragu. Ƙila oba-obarsa ce ta jiƙe. Ja gaba."

Ta leƙa ta taga. Layin a lanƙwashe yake, ba ta ganin komai bayan tarago na uku. Ta danna oba-oba. "Ɗan shantin, kana ji na?"

Shiru.

Gaskiyar magana, hannunta ya kai kan hannun tuƙin. Wata zuciyar ta ce mata ai halinsa ne, mutumin da ya iya karanta saƙonki ya ajiye waya, don ya fito bai faɗa ba ba abin mamaki ba ne. Ga Na Sama a bene yana ganin yadi duka, kuma bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ga hedkwata. Ga kowa yana sauraro.

"Direba, umarni nake ba ki. Jirgi yana jira."

"Yallaɓai, ba kai ka tsayar da ni ba."

"Kin san abin da kike yi kuwa? Wannan zai kai ga tuhuma."

"Na sani. Zan sauka in duba."

Ta ɗaure birkin ajiya, ta cusa hannun tuƙin a aljihun rigarta don kada wani ya hau bayanta, ta sauka. Da farko tafiya take yi. Da ta wuce lanƙwasar ta hango mai rigar lemo can nesa yana buga ƙafafun taragu da guduma, gajere ne, mai duba taragu ne, sai ta ji ƙafafunta sun kama gudu da kansu.

Yana nan a tsakani. Gwiwa ɗaya a ƙasa, ƙafarsa ta zame ta shige tsakanin layi da ƙarfen da ke gefensa ta maƙale har idon sawu. Oba-obarsa tana cikin ruwa, nesa da inda hannunsa zai kai. Kafaɗarsa tana jingine da faifan ƙarfe. Ya yi ta kira, ƙarar babban injin ta shanye muryar. Da ta ja ko taku ɗaya, da tayar tarago ta bi ta kan ƙafar, sauran kuma Allah kaɗai ya sani.

Ta durƙusa a cikin ruwan ta kama igiyar takalminsa. Igiyar ta jiƙe, sai da ta sa haƙori kafin kullin ya saki. Ya zaro ƙafar ya bar takalmin, ta ja shi suka fito gefe, suka zube a kan duwatsu.

"Na san ba za ki motsa ba," ya ce, yana haki.

A nan ne kukan da ta daɗe tana riƙewa ya ƙwace, tare da faɗa. "Ka sani? Me ka sani? Saura kaɗan in motsa. Na ce ai ka saba yin shiru. Mutumin da ya bar ni ko sallama babu."

Ya dube ta kamar ta yi wani yare. "Na bar ki? Yaushe?"

"Ba kai ka rubuto ka amsa wa Baba ba?"

"Na amsa masa yadda ake amsawa. Ya ɗaga hannu ya ce tsaya, na ce na tsaya cak, ba zan motsa ba sai ka sake ni. Direbata, mutumin da ya koya mini dokar ne ya tsayar da ni. Ta yaya zan motsa a bayan idonsa in ce ya ba ni 'yarsa? Kullum wayata tana hannuna ina jiran kiransa. Ke ma 'yar jirgi ce, na ɗauka kin gane."

"Ni direba ce," ta ce tana share fuska da hannun riga. "In ka yi shiru, tsayawa nake."

Suka zauna suna kallon juna, jiƙe sharkaf, shi da takalmi ƙafa ɗaya. Da ba don tsoron bai gama sakin ta ba, da dariya za ta yi.

Na Sama ya iso da gudu, wandonsa mai guga duk taɓo. Ya ga takalmin a maƙale a layi, ya ga mai guduma can nesa, ya gane wanda ya hango daga bene. Da ƙyar ya ce, "Ku yafe ni. Wallahi na ɗauka kai ne. Da kaina zan kai rahoton abin da na yi." Sannan ya dubi yadda take riƙe da hannun rigar Dogo ba ta ma sani ba. Ya gyaɗa kai a hankali ya juya. Bai ƙara zuwa gidansu ba.

Kafin magariba ta isa gida, ba ta ko sauya kaya ba ta durƙusa gaban Baba ta faɗa masa komai. Tana cikin bayani ta ga ya damƙe gwiwarsa da yatsun nan biyu.

"Wa ya sake ki?" ya tambaya.

"Ba wanda ya sake ni, Baba. Sauka na yi."

"Hannun tuƙi fa?"

"Yana aljihuna."

Ya sauke numfashi. "To, kin ga abin da nake gudu."

"Na gani, kuma na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Amma Baba, ban aure shi ba, kuma tsoron bai ragu ba. Ko wa ka ba ni, gobe Dogo zai shiga tsakanin taragu, zuciyata kuma tana can tare da shi."

"Shi da ya gudu?"

"Bai gudu ba. Jiran ka yake yi." Ta maimaita masa abin da Dogo ya faɗa, kalma da kalma.

Baba ya kawar da kai. Ya dubi bango. "Ya faɗi haka ranar, tabbas. Na ɗauka ladabi ne kawai irin na yaran da na koyar."

Umma, da ke tsaye bakin ƙofa da ludayi, ta kasa haƙuri. "Ikon Allah. Kai da ka hana mu sakat da dokar nan shekara da shekaru, har yaran gidan nan in za su ɗauke kujera sai sun nemi izinin wanda ya ajiye. Ka tsayar da ɗan mutane ka tafi ka bar shi, kana zaune kana zagin sa bai motsa ba."

"Ke dai koma kicin."

"Zan koma. Amma ka san ba mai sakin sa sai kai."

Baba ya dubi hannunsa na hagu. Ita dai tana durƙushe tana jira. Can ya miƙo hannu. "Ba ni wayarki."

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Ɗan shantin, ni ne wanda ya tsayar da kai. Yaya ƙafar?" Ya saurara. "To, Allah ya ƙara kiyayewa. Ka ji sharaɗina. In an ɗaura, ba za ku ƙara aiki lokaci ɗaya ba. Ba ita za ta riƙe injin kana tsakani ba, wannan ba zan iya ɗauka ba. Ka yarda?" Ya sake saurarawa, gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Na ji ka maimaita. Na sake ka. Ka turo manyanka."

Sharaɗin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba. Amma ta sunkuyar da kai ta ce ta yarda. Kafin ta kai ɗaki wayar ta yi ƙara a hannunta.

"Direbata, an sake ni. Ina da maganar da na tara ta wata guda a bakina, ki shirya kunnenki."

"An maimaita, Idona. Amma ka fara da ban haƙuri."

Bayan watanni biyu aka ɗaura. Mutanen yadi suka cika layin gidan, wasu da rigar aiki a ƙarƙashin ta ado don daga nan za su wuce. Na Sama ma ya zo, ya yi wa ango murna da hannu biyu. Dogo yana ɗan ɗingishi har lokacin, abokansa suna ta tsokanar sa wai tun ba a kai amarya ba an fara taka shi.

Da aka zo tafiya da ita, Baba ya sa aka kira su su biyu cikin falo. Ya shirya doguwar nasiha, Umma ta ce tun jiya yake bitar ta. Da ya gan su durƙushe a gabansa sai duk ta gudu. Ya yi gyaran murya sau biyu, idonsa ya cika.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuriya ta gari. Kullum kuka fita aiki, Allah ya dawo da ku gida ku biyun, lafiya lau, yadda kuka fita."

Umma ta ce amin tana goge ido da bakin mayafi. Dogo ya ce amin da muryar nan tasa ta ƙasa. Ita kuwa kuka ya hana ta, sai ta kama gefen rigar mijinta ta riƙe, suka miƙe tare.